Yaron da Aka Aike Ni Ɗaukowa a Misfala

Tun da na dawo daga Makka shagona ya koma tashar mota. Mai kawo ɗinki ya zo, wanda ko zare ba shi da shi ma ya zo, kuma tambayar kowa ɗaya ce: Alhaji Garba, yaya ƙasar take, sannan ina yaron da aka ce za ka taho da shi? Na maimaita labarin har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, ni kuma in koma kan rigunan mutane.

Da farko dai ku sani, duk Fagge babu wanda ya kai ni iya lanƙwasa yaro. Yaran da suka koyi ɗinki a hannuna, in an tara su za su cika filin ƙwallo. An sha kawo mini yaron da ya gagari uwa da uba, in dube shi sau ɗaya, ya zauna kamar an ɗinke shi da tabarma. Abin kuwa gado na yi daga kaina, don ni ma ina ƙarami an ce na cika ƙiriniya, aka ɗauke ni aka kai Damagaram wurin wani kawun mahaifiyata mai zafin hannu. Can aka gyara ni na zama natsattsen mutumin da kuka sani.

Wannan suna nawa ne, a zatona, ya kai har Makka. Ina da baffa a can, Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, wanda ya tafi hajji a ƙafa shekarar da aka kai ni Damagaram, bai sake dawowa ba. Ya yi aure a can, ya buɗe ɗan shagon carbi da darduma, ya haifi 'ya mace, Asma'u. Bara wani alhaji ya kawo mini saƙonsa da baki: jikansa Adnan, ɗan Asma'u, maraya ne ta wajen uba, ya hana gida da makaranta sakat. In Allah ya nufe ni da zuwa, in zo in taho da shi gida a gyara shi, kamar yadda Hausawan can ke yi da yaron da ya fi ƙarfinsu. Ban tsaya tambayar ko uwar yaron ta yarda ba. Na ce a gaya wa Baffa ya ɗauka an gama.

Ta ƙasa na tafi. Masu cewa tsoron jirgin sama ne ya hana ni, Allah ya shirye su. Ni so nake in ga duniya. Daga Kano zuwa Maiduguri lafiya lau, sai dai na bar butata a Potiskum. A bakin iyaka kafin Fallomi, babban birnin Cadi, wani ma'aikaci ya ce kowa ya naɗe hannun riga ya nuna tabon allurar agana. Ni da na tashi nunawa sai na haɗa da tabon da almakashi ya yi mini, da na cizon jaki, kowanne da tarihinsa. Mutumin ba ya jin Hausa, amma ya buga mini hatimi da sauri ya nuna mini ƙofa, mutanen bayana suna ta yi masa godiya.

A Abashe muka hau babbar motar wani direba, Bashir, ɗan Hausawan Sudan, siriri kamar sandar awo. Ya ce in zauna gaba in riƙa yi masa hira kada barci ya ɗauke shi. Ba a yi nisa ba ya ce iskar baya ta fi lafiya, in koma can. Kafin ya kore ni dai na ga abin da ke riƙe da shi. Yana da kwalin ashana wanda babu ashana a ciki, sai 'yan ƙwayoyi farare ƙanana. Ya jefa biyu a baki, ya kora da shayi, shi ke nan ido ya bushe. Ba ya cin abinci. Mu muna fama da kisira, wata irin waina mai faɗi da tsami wadda ake dangwala a miya mai yauƙi, shi yana gefe yana cizon haƙora yana zagin taya. Da muka isa Al'ubayyid ya shiga ƙarƙashin motar ya kwanta, bai motsa ba har muka fara shawarar wa zai yi masa wanka.

Daga nan jirgin ƙasa. A wata tasha na sauka sayen gyaɗa, na tarar da wani Bakatsine mai sayar da ita, muka shiga lissafin dangi, sai na ji mutane na ihu, ashe jirgi ya tashi. Na kamo jirgin da gudu, takalmina ɗaya na nan Sudan har yau.

A Sawakin aka tsare mu a sansanin alhazai kafin jirgin ruwa. A ayarinmu akwai wata tsohuwa, Goggo Hanne, mutuniyar Gaya. Wahalar hanya ta kwantar da ita. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, kawai ta juya wa bango fuska ta ce a bar ta. Likitan sansanin ya duba ta, ya gutsuro ɗan ɓarin wata farar ƙwaya, bai kai ƙwayar dawa ba, ya ce a riƙa ba ta da safe na ɗan lokaci. Na leƙa na ce wannan ai ta Bashir ce. Kafin azahar Goggo Hanne ta tashi ta wanke kayanta, ta wanke nawa, ta bi wani Babarbare tana cewa ya tuɓe rawaninsa ya yi dauɗa.

Jirgin ruwa kuwa ba zan ba ku labarinsa ba, don ban gan shi ba. Kaina na cikin bokiti har Jidda.

A Jidda muka sauka a wani gida mai hawa-hawa, tagoginsa na katako mai huda-huda, na ciki na ganin na waje, na waje ba ya ganin kowa. Goggo Hanne ta shiga wajen matan gidan ta dawo tana riƙe da baki. Ta ce uwargidan ma tana shan farar ƙwayar, wai don ta rame. Muka yi ta mamaki. A gida mace na shan kunu da madara don ta ciko a ce mijinta na kula da ita, a nan kuma ana sayen rama a kantin magani. Na ce a raina, wannan ƙwaya ta fi ni yawo: ta hana direba barci, ta tashi tsohuwa, ta rage matar attajiri.

Zancen aikin hajji kuwa, malamai sun fi ni iya faɗa. Abin da zan ce kawai, ranar da na fara ganin Ɗakin Allah bakina ya mutu. Goggo Hanne ta ce ita wannan ma ta ƙirga shi cikin abubuwan mamakin da ta gani.

Bayan an sauko daga Mina na nemi gidan Baffa a Misfala, tsohuwar unguwa ce kudu da Harami, lunguna ƙanana sun hau dutse sun sauko. Baffa ya tsufa, gemu fari fat, amma Hausarsa ta Kano tana nan kamar jiya ya fito. Ya rungume ni ya yi kuka, ya tambayi mutanen da ƙasa ta daɗe da cinyewa. Asma'u ta kawo gahawa a wani ɗan kofi da bai fi abin da tela ke sa wa a yatsa ba. Na shanye, aka ƙara, na shanye, aka ƙara. Ashe sai ka girgiza kofin ake dainawa. Ita Hausarta rabi Larabci ce. Ta gaishe ni da “Yaya Garba” cikin ladabi, amma ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. A bayan ƙofa na ga ƙaramin akwatin kwano sabo, an rubuta sunan yaron a jiki.

Sai ga yaron da kansa. Na zaci zan ga ɗan aljani, sai na ga ɗan shekara tara ko kusa, yana zaune a kan tabarma da littafin makaranta, yana rubutu harshe a waje. Ya taso ya sumbaci hannuna, ya koma. Baffa ya ce tun 'yan makonni kafin hajji yaron ya sauya, har malaminsu da ya kore shi ya yarda ya koma aji; shi a ganinsa tsoron tafiya ne ya kama shi, don haka tafiyar ce magani. Na gyara zama na ce ai ba tsoron tafiya ba ne, labarina ne ya riga ni isowa.

Da safe ina alwala a tsakar gida na hangi Asma'u ta tsuguna gaban yaron a bakin madafa. Ta ba shi burodi da wake dafaffe, wanda su ke karyawa da shi, ta tsaya sai da ya cinye. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta ɗauko rabin farar ƙwaya ta sa masa a baki.

Da ni mai iya riƙe magana ne, da na same ta a gefe. Amma muna zama cin shinkafa da rana, duka hannu a faranti ɗaya, sai na ji bakina na cewa, “Baffa, ka san ƙwayar direbobi ake ba yaron nan?” Na kawo labarin Bashir, na ƙara masa gishiri: na ce haƙoransa sun zube, na ce yana magana da taya tana amsa masa.

Baffa ya cire hannu daga abinci. Ya kira Asma'u. Ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi gaskiya: wata maƙwabciya ce ta kai ta wurin wani likita Bamisire da ya yi karatu a Turai, shi ya rubuta maganin, ta ɓoye ne don ta san Baffa ba zai yarda ba. Baffa ya ce ba za a mayar masa da jika mashayi a gidansa ba. A zubar da ƙwayar, a haɗa kayan yaro, in ayarinmu ya tashi ya bi ni.

Asma'u ba ta yi kuka ba. A karo na farko ta dube ni, sannan ta dubi mahaifinta.

“Baba, shi kaɗai gare ni,” in ji ta. “Tayyib, na ji. Gobe ba zan ba shi ba. A bar wa Yaya Garba shi daga safe zuwa la'asar. In ya iya da shi, ni da hannuna zan sa kayansa a akwati.”

Baffa ya yarda. Ni kuwa har na tausaya mata, don na san ta faɗi.

Washegari na zaunar da Adnan na ba shi allura da maɓalli, na yi masa kallon nan nawa na Fagge. Ya kalle ni shi ma, ya tambaye ni da Larabci abin da ya sami idona. Ya soka allurar sau ɗaya, ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya buɗe jakata, ya sa hulata, ya tambayi ko a Kano akwai teku, kafin in amsa yana kan soro. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ba rashin kunya ba ce, don duk kiran da na yi sai ya amsa “Na'am, Kawu” ya taho da gudu, sai dai kafin ya iso wani abu ya ɗauke shi a hanya. Ya kwance akuyar maƙwabta don ya ga tana jin ƙishirwa. Ya zubar da tulun ruwa garin ba ta. Da na ɗaga murya ya tsaya ya rufe kansa da hannu biyu tun ban matso ba, irin na yaron da ya saba. Na san wannan tsayuwar. Na yi ta a Damagaram.

Na ce to, gajiyar da shi zan yi. Na kama hannunsa muka nufi unguwar Mansur, inda mutanenmu suka fi yawa. Jama'a, in ba don duwatsu ba sai ka rantse kana Kano: ga mai tsire, ga mai fura, ga mata na sayar da daddawa da kuka a ƙasa, wasu sun shekara ashirin ba takarda, da an hango ɗan sanda sai tire ya shige ƙarƙashin mayafi. Na ji wani tela na taka keke irin nawa, na tsaya in nuna masa wani ɗan gyara. Ashe mutumin Gwammaja ne. Muka taɓa hira kaɗan. Da na waiwaya babu Adnan.

Na shiga lungu na fita lungu ina kiran sunansa, yara kusan goma suka amsa. Na tuna fuskar Asma'u, na ƙara sauri. Can kuma na lura ni kaina ban san hanyar Misfala ba. Ina tsaye gaban wani mai shayi ina ƙoƙarin haɗa Larabcin “na ɓata”, sai na ji an ja mini riga. Adnan ne, gwiwa a fashe, riƙe da ɗan kyanwa. Ya ce da Hausarsa mai tsalle, “Kawu, kai fen? Ni dawwar kai.” Wato ina na shiga, shi ke nemana. Shi ya jawo ni har gida, ana kiran la'asar. Baffa na zaune a ƙofa. Ya dubi gwiwar yaron, ya dubi kyanwar, ya dubi ƙafata, don takalmin da na saya a Jidda ma ɗaya ya tsinke. Sai ya ce, “Gobe mu je mu ga likitan nan.”

Likitan mutum ne mai sanƙo da haƙuri. Asma'u ke fassara mini, Baffa kuwa yana ji da kansa. Na zayyana masa Bashir da Goggo Hanne da matar Jidda. Ya yi dariya ya ce ban yi ƙarya ba, ƙwayoyin duk 'yan gida ɗaya ne, amma mai sha da yawan da ya sha su ne zancen. Ya ce akwai yaran da hankalinsu ke tashi kamar tsuntsu, ba iskanci ba ne, ba aljanu ba, kuma duka ba ya zaunar da shi. Irin waɗannan, abin mamaki, ɗan kaɗan na maganin da ke hana babba barci shi ke tattaro musu hankali wuri ɗaya. Ya ce ba ya ba yaron da bai isa makaranta ba. Masu shekarun Adnan su ya fi rubuta wa, rabi da safe bayan an ci abinci, ranar Juma'a da lokacin hutu a huta, kuma duk wata a kawo shi a auna, don maganin na rage cin abinci; in yaro ya fara ramewa ko barci ya ƙi, a rage ko a tsaya. In sun fara zama samari yakan janye ya gani, da yawa sun natsu da kansu. Samari da direbobi da ke zuwa da ƙafarsu suna roƙo, su ne yake kora, don su ba magani suke nema ba. Tsofaffi irin Goggo Hanne, ɗan ɓari na ɗan lokaci, shi ma in zuciya lafiya. Na matar Jidda kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya rubuta ba.

Ya ƙara da wani abu da ya tsaya mini. Ya ce kusan duk maza ake kawo masa, don su ke fasa tulu. Yarinya mai irin wannan takan zauna shiru hankalinta na can wani gari, sai a ce mata sakarya, ba mai kawo ta.

Baffa ya tambaya ko yaron zai saba har ya kasa rabuwa da ita. Likitan bai yi masa alkawari ba. Ya ce abin tsoro ne na gaskiya, shi ya sa maganin ke hannun uwa ba hannun yaro ba, shi ya sa kuma yake son ganinsa a kai a kai, abin da ba zai yiwu ba in yaron na wata ƙasa. Yana cikin wannan bayani ya miƙo hannu a hankali ya karɓe abin awon zuciyarsa daga wuyana. Ban san lokacin da na ɗauka ba.

Muka fito. Baffa bai yi magana a hanya ba, ni kuma na cike masa shirun da bayanin yadda, in an ba ni wata guda, zan iya da yaron ko ba ƙwaya; jiya rashin sanin gari ne. Da muka isa gida ya zauna a kan dardumarsa ya sa aka kawo shayi. Asma'u na tsaye a bakin ƙofa kusa da akwatin kwanon, hannunta a kan murfin. Adnan na tsakar gida yana ba kyanwarsa madara. Ranar an ba shi rabinsa, da izinin Baffa, don likita ya gan shi a haka.

Baffa ya ce, “Asma'u, kai akwatin nan ciki. Ki zuba masa littattafansa a ciki, ɓera na ci.”

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta sunkuya ta sumbaci kan mahaifinta, ta ɗauki akwatin. Da za ta wuce ta ce mini, “Yaya Garba, a ƙara shayi?” Ranar ce ta fara yi mini murmushi.

Ni dai na ga ya kamata in fita kunya. Na ce, “Baffa, ka yi daidai. Bayanin likitan nan ya ratsa ni ni ma. Amma kada ka raina turawa gida, ai ga ni, Damagaram ce ta gyara ni.”

Baffa ya kurɓi shayinsa, ya dube ni tun daga hula har takalmin aro da ke ƙafata.

“Ba likita ne ya sauya mini ra'ayi ba, Garba,” in ji shi. “Ni na ba mahaifinka shawarar a kai ka Damagaram, na taho ban ga ƙarshen abin ba. Shekara da shekaru ina zaton ta yi magani, shi ya sa na aika maka. To, tun ranar da ka sauka gidan nan nake kallonka.”